Fiton da Auta Ke Jira

Duk wanda ke zaune a layin ya san ba a kai wa Tela ɗinki ranar Asabar da yamma. Ba hutu take yi ba. Ranar ce ranta ke ɓace tun daga safe, kuma matar da ta taɓa kuskuren kai mata yadi a wannan lokacin ta dawo tana ba da labarin yadda almakashi ke ƙara a hannun mai fushi. Sauran kwanakin mako ba ta da laifi. Hannunta da kyau, ba ta cin ragowar yadi, ba ta saɓa alkawari sai in an ɗauke wuta ta kasa guga. Amma Asabar ta mijinta ce, shi ya ƙwace ta, har da 'ya'yan.

Mijin ma'aikacin ruwa ne. Aikinsa bin babban bututun da ya taso daga madatsa ya shigo gari, da ƙafa, yana duba inda ya tsage ko inda wani mai wayo ya huda shi don ban-ruwan lambu. Mutum ya yi mako yana tafiya ana biyansa, ai ranar hutu sai ya miƙe ƙafa ya ji rediyo kamar kowane magidanci. Ina! Shi a ranar yake tafiyar kyauta, kuma ba ya yin ta shi kaɗai. Tun rana ba ta yi zafi ba za a ji su a tsakar gidan haya suna ɗaure takalma: Babba, da Gajere wanda bakinsa ya fi shi tsawo, da Auta 'yar shekara shida. Kowane yaro da gorar ruwa ta ƙarfe rataye a wuya, burodi da dafaffen ƙwai a jakar uban. Su bi ta bayan makaranta, su haye titin jirgi, su nufi tsaunin da ke bayan gari, mai rafi ta gefe ɗaya da tsohon wurin fasa dutse ta ɗayan.

Da yamma su dawo mata da aiki. Gwiwar wando a yage, ƙaya a safa, laka har ƙeya, aljihu cike da duwatsu da gashin tsuntsu. Akwai ranar da ta buɗe gwangwanin maɓallanta kwaɗo ya yi tsalle ya faɗa kan yadin amarya. Ita da take yi wa matan gari kwalliya, 'ya'yanta ne ke yawo da faci kan faci, kuma ita ke yin facin, kyauta, tana taka keke tana tsaki.

'Yan layi sun sa wa mijin Mai Fito, ba kuma don ƙauna ba. Yana da wani fito da yake tara yaransa da shi, gajere biyu sai dogo ɗaya mai hawa sama, ba ya sa yatsa a baki, harshe kawai yake tokarewa a bayan haƙoran gaba, amma sai an ji shi a ƙarshen layi. Mata su ce yana kiran 'ya'ya kamar mai kiwon karnuka. Shi ko a jikinsa. A kan wannan fiton ya gina dokar fita, kuma kowace Asabar sai yaran sun maimaita ta a bakin ƙofa kafin a tashi.

"In ka ɓata fa?"

"In zauna inda nake!"

"In an kira sunanka?"

"Kada in amsa, ko muryar wa na ji!"

"Me za ka amsa?"

"Fiton Baba! In ɗauki dutse in buga gorata!"

Ya kuma hana kowa kwaikwayonsa. Ranar da ya kama Babba yana gwadawa a bayan gida, sai da ya murɗe masa kunne har ya yi ja. "Fito ɗaya ne a gidan nan," ya ce. "In kowa yana yi, wanda ya ɓata wa zai amsa?" Tela tana jin su ta taga, allura a baki, ta ce a ranta mutumin nan ya ɗauka shi ƙarfe ne, ba ya mura, ba ya mutuwa.

Ba ta taɓa bin su ba. Shi kuma ya gayyace ta a farkon aure, ta ba shi amsar da ta sa bai sake ba. Wanda bai san gidansu ba zai ce son jiki ne, amma ba shi ba ne. Su uku iyayensu suka bari: yayanta, ita, da ƙaninsu. Ita da ƙanin su ne 'yan yawon gidan, shi ya koya mata hawan katanga da fito, har ta fi shi, don nata ya fi kaifi. Wata damina yaron ya tafi wanka a wani rami da ruwan sama ya cika, a ranar da aka bar shi a hannun yayan. Da yamma aka ɗauko shi a kafaɗa. Daga ranar yayan ya rufe ƙofa ya sa makulli a aljihu. Makaranta, gida, keken ɗinki, shi ke nan duniyarta. Sau ɗaya ta manta ta yi fito tana shanya, ya make mata baki da bayan hannu har leɓenta ya fashe, kuma ba ta sake ba.

Yayan nan yana nan, bai je ko'ina ba. Shagonsa na kayan gini yana tsallaken titi, daidai tagar ɗakin ɗinkinta, yana zaune tsakanin buhunan siminti da gwangwanayen fenti yana ƙirga wanda ya shiga gidan ƙanwarsa da wanda ya fita. Tun ranar ɗaurin aure bai so Mai Fito ba, kuma shekaru ba su rage komai ba. Duk Asabar in ayarin ya zo wucewa sai ya ɗaga murya.

"An tafi kai wa macizai abincin safe ke nan?"

"Ina kwana, Yaya," Mai Fito zai ce, bai rage sauri ba.

"Riƙe gaisuwarka. Ranar da ka dawo da biyu maimakon uku, ni da kai ne. Ka ji na faɗa a gaban mutane."

Sai ya tsallako ya sauke mata sauran. Ita wace irin uwa ce, tana zaune ana jan 'ya'yanta daji kamar marasa galihu? Ta manta ne? Ba ta manta ba, kuma haushin tambayar ya fi na facin wando. Sai ta tara nata da na yayan ta jira mijin. Ya shigo, ta zazzage masa tas, shi kuma yana cire ƙaya daga safar Auta yana cewa, "To, Maman yara, an ji." Wannan "an ji" ɗin ta fi zagi ƙona rai.

Abin da ba ta faɗa wa kowa shi ne wanda ya fi ci mata tuwo a ƙwarya: yaran suna son abin, so na gaske. Gajere, da sai an yayyafa masa ruwa yake tashi ranar makaranta, shi ke tada kowa ranar Asabar. In an zauna cin abinci sai su ɓarke da hirar dutsen da suka sa wa suna Kunkuru, da bishiyar da Babba ya maƙale a kai, ɗaya ya faɗi rabin magana sauran su fashe da dariya. Ita tana zuba musu miya kamar baƙuwar da aka ɗauko aiki. Ta haife su, ta yi jinyar ƙyandarsu, amma mafi daɗin ransu yana wani wuri da ba ta taɓa takawa ba, kuma tana jin kishin tsaunin nan ƙiri-ƙiri.

Ranar da abin ya faru tana tsakar haɗa hannun riga, la'asar ta wuce, hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Gajere ya faɗo ɗakin ba takalmi ɗaya, yana haki.

"Umma, Auta! Ba mu ga Auta ba!"

Ba ta san lokacin da ta tashi ba. Ta dai ga kanta a titi, tef ɗin awo rataye a wuya, silifas a ƙafa. Yayan ya ga fitarta, ya ji abin da yaron ke faɗa, ya bar shago a buɗe. Mai shayi ya biyo, da makanikai biyu, da wasu matan layin da suka zo rabi don taimako rabi don su samu abin faɗa. A hanya Gajere ya ba da labari a guntule. Sun zauna cin burodi a gindin tsauni, uban ya sunkuya yana ɗaure wa Gajere takalmi, aka ɗago ba Auta. Tunanin uban ya tafi ga ruwa, don haka ya bi rafi sama da ƙasa yana fito, ba amsa.

Sun sami Mai Fito a bakin rafin, wando jiƙe har cinya, idanu sun fito. Ya buɗe baki zai yi bayani. Yayan bai tsaya jin komai ba. Shekara da shekaru yana ajiye wannan naushin, kuma hannun mai ɗaukar siminti ne. Ya sauke masa shi a baki. Mai Fito ya zube zaune a cikin yashi, ya tofar da jini da haƙorin gaba guda, ɗayan kuma yana lilo. Makanikan suka rirriƙe yayan yana ta fizge-fizge.

"Na faɗa maka! A gaban mutane na faɗa maka!"

Gaskiya ita ce, a wannan ƙiftawar Tela ba ta ji tausayin mijinta ba. Wani ɓangare na zuciyarta har cewa ya yi a ƙara masa. Babba ne ya katse su, yana kuka yana jan rigar uwarsa. Ya tuna tun da safe Auta ke naci a kai ta ta ga 'yan awakin da suka hango ta wajen fasa dutse, uban ya ce ba yau ba.

Wajen fasa dutse. Kowa ya san abin da ke can: ramuka masu zurfi da aka haƙa aka bari, ruwan sama ya cika su, kore shar, ba a ganin ƙasansu. Tela ta dubi yayanta, ya kau da kai.

Suka zagaya tsaunin a guje. Wurin duk tarin duwatsu ne da kogo-kogo da ciyawa mai tsawo, iska ta taso, hasken rana ya fara ja. Mutane suka watsu suna ƙwala kira. "Auta! Auta!" Yayan ya fi kowa murya, ya hau wani dutse yana kira har muryarsa ta dushe, yana kira yana leƙa ramin da ke ƙasansa. Ba abin da ke dawowa sai amsa-kuwwa.

"Ba za ta amsa ba," Babba ya ce. "Umma, ko tana ji ba za ta amsa ba. Doka ce."

Tela ta juya kan mijinta. "To yi mana! Me kake jira? Yi abin naka!"

Ya tsaya, ya goge baki da hannun riga, ya ja numfashi. Leɓen ya kumbura ya yi suntum, inda harshe ke tokarewa babu komai sai rami. Ya hura. Iska ta fita da yawu da jini, da wata 'yar ƙara kamar tayar keke na sacewa. Ya sake. Ya sa yatsu, abin da bai taɓa yi ba, ya sake hurawa har jijiyar wuyansa ta miƙe. Babu. Ya dubi Babba, yaron ya tsuke baki ya gwada, abin da ya fita ko akuyar da ke kusa bai sa ta ɗaga kai ba. Ina zai iya, an murɗe masa kunne tun bai koya ba? Makaniki ɗaya ya ce bari shi ya yi, ya zabga fiton tsayar da mota, mai ƙarfi, amma ba shi ba ne, kuma yarinyar da aka yi wa horon Mai Fito ba za ta motsa don wannan ba.

Tela ta tsaya tsakanin mazan nan biyu tana dubansu, ta ji wata irin tsana ta taso mata. Ɗaya ya ɗaure ran 'yarta a bakinsa shi kaɗai don girman kai, ɗayan ya zo ya fasa bakin don huce tsohon takaicinsa. Ga su nan tsaye, mai jini da mai dusasshiyar murya, ba wanda zai amfane ta da komai. Ɗigon ruwan farko ya sauka a hannunta. In ruwan nan ya sauko, duwatsun za su yi santsi, yarinya kuma in tsawa ta firgita ta ba doka za ta tuna ba, tashi za ta yi ta ruga, ga ramuka ko'ina.

Ta cire tef ɗin awon daga wuyanta ta miƙa wa Gajere, ta zubar da silifas, ta hau dutsen da yayan ke kai, ta ture shi gefe da kafaɗa. Fiton nan ta fi kowa saninsa, ai ta taga ta sha shi shekara da shekaru tana tsine masa. Ta lashi leɓe, daidai tabon da ke ciki, ta tokare harshe. Na farko ya fita a karye. Ta haɗiye yawu ta sake. Gajere biyu, dogo ɗaya mai hawa sama, siriri, mai kaifi, ya ratsa iskar ya daki bangon dutse ya dawo.

Kowa ya kasa kunne. Matan layi suka saki baki.

Ƙwan. Ƙwan. Ƙwan.

Ƙarar dutse a kan gorar ƙarfe, kuma ba daga nesa ba. Daga ƙasan ƙafarsu take fitowa, daga wata tsaga a gindin dutsen da yayan ya gama ƙare muryarsa a kai. Tela ta zame ta sauka da mazaunai, zaninta ya yage, ba ta kula ba. Auta tana zaune a cikin tsagar, gwiwa a ƙirji, fuska duk sawun hawaye da ƙura, dutse a hannu. Tsakaninta da bakin ramin ruwa bai fi tsawon tabarma ba.

Ta fizgo ta ta rungume, tana duba hannu, tana duba ƙafa, tana zaginta tana kuka. Yarinyar ta leƙa bayanta tana neman wanda ya kira ta.

"Ina Baba?"

"Ga shi can. Ba ki ji ana kiranki ba, don ubanki?"

"Na ji. Na ji Kawu tun ɗazu, yana ta ihu a kaina. Ban amsa ba." Ta faɗe shi da alfahari, tana jiran yabo. Sai ta ga bakin uban, ta sake duban uwarta, tana haɗa lissafi. "Umma, ke kika yi?"

"Ni na yi."

"Ashe kin iya? To me ya sa kullum kike barinmu mu tafi mu kaɗai?"

Tela ta ɗaga kai. Yayan yana zaune a kan dutsen, hannayensa a kan gwiwa, ruwa na dukansa bai ko kare kai ba. Ba Auta yake kallo ba, ita yake kallo.

"Tun ranar ban sake jin fitonki ba," ya ce, da muryar da ta rage masa.

"Kai ka hana," ta ce. Ta goya 'yarta ta wuce shi.

Masu son labari ya ƙare da sulhu sai su yi haƙuri, don ba a yi ba. Yayan bai ba da haƙuri ba, mijin bai nema ba. Likitan haƙori ya cire ɗayan da ke lilo, gibin ya zama na haƙori biyu, an kuma sa masa na roba amma ya ce suna dame shi, ya ajiye su a kofi. Tela ta yi mako ba ta yi wa mijin magana ba sai ta bakin yara. Abin da ta yi a makon shi ne ta jera su ukun a tsakar gida kullum bayan makaranta, ta koya musu fiton, har Auta, har sai da maƙwabta suka kai ƙara wurin mai gidan haya. Mai Fito yana zaune a bakin ƙofa yana jin ana rusa dokarsa, ya buɗe baki sau ɗaya zai yi magana, ta dube shi, ya rufe. Ta kuma ƙara layi a karatun bakin ƙofa: in ka ji muryar ɗan gidanku, ka amsa, ko wane ne.

Asabar da ta biyo baya ta lulluɓe keke da zani, ta ce wa mai rigar biki ta dawo Litinin, matar ta tafi tana ƙunƙuni. Ta sa takalmin Babba da ya yi masa kaɗan, ta rataya gora. Da suka zo wucewa ta gaban shagon kayan gini, yayan yana tsaye a ƙofa. Bai yi maganar macizai ba, bai gaishe su ba, ita ma ba ta gaishe shi ba.

Har yau haka suke fita, su biyar. Ba za a ce tana jin daɗin tafiyar ba, don tun daga titin jirgi take mita: rana, ƙaya, ƙafarta, da wandon da Gajere zai yaga mata. Amma ta san dutsen Kunkuru yanzu, kuma in an yi dariya a wajen cin abinci da ita ake yi. Mijin yana gaba kamar kullum da dogayen ƙafafunsa, ita tana can baya inda take ganin kawuna uku. In yaran suka watsu cikin ciyawa lokacin tashi ya yi, har yanzu mantawa yake yi. Ya tsaya, ya ja numfashi, ya tsuke baki, iska ta fice ta gibin. Sai ya juyo a hankali ya dube ta.

Tana barinsa ya ɗan jira tukuna.